Jami'a Ta Turo Mini Ɗaliban Kasuwanci Domin Sanin Makamar Aiki: In Karɓe Su?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da injin casar shinkafa da sito biyu a Jega, muna kuma sayar wa manoma taki da iri. Ma'aikatana na dindindin 11 ne ban da 'yan dako. An kawo mini takarda daga sashen nazarin kasuwanci na wata jami'a, ana roƙon in karɓi ɗalibai uku na tsawon wata shida domin sanin makamar aiki, an kuma ce abin da suka yi a wurina zai shiga cikin makinsu. Ban taɓa yi ba. Shin wajibi ne in biya su albashi? Wane aiki zan ba su, tunda ba injiniyoyi ba ne? Ina kuma tsoron su ga sirrin cinikina su fita da shi. Abokaina sun ce in karɓa kawai, ai ma'aikata ne na kyauta."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayoyinka uku ne a zahiri, wato batun biya, da batun aikin da za a ba su, da batun sirri, amma dukkansu suna komawa ne ga abu guda, shi ne matsayin ɗalibin nan a wurinka: ma'aikaci ne, ko yaron shago ne, ko kuwa baƙo ne da zai yi wata shida yana kallo ya kama gabansa? Kalmar da ta fi nauyi a takardar da aka kawo maka ita ce maki. Da zarar an ce abin da yaro ya yi a hannunka zai shiga sakamakon digirinsa, to injinka ya zama aji, kai kuma ko wanda ka wakilta kun zama malamai, ko kun shirya wa hakan ko ba ku shirya ba. Na daɗe ina riƙe da lissafin wani kamfanin hatsi da kayan noma a Birnin Kebbi, ɗalibai da dama sun wuce ta hannuna, kuma yawancin abin da zan faɗa maka a kan kurakuraina na koye shi. Shawarata ita ce ka karɓa, amma kada ka karɓi uku a karon farko, kada kuma ka karɓa saboda dalilin da abokanka suka kawo.

Inda abin ya samo asali

A 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos, sannan a 1973 asusun ya ɓullo da shirin da ake kira SIWES, na tura ɗalibai wuraren aiki su koyi aiki da hannunsu, saboda kukan da masu masana'antu ke yi cewa waɗanda manyan makarantu ke yayewa sun san littafi amma hannunsu bai taɓa kama aiki ba. Shirin yana tafiya ne da haɗin gwiwar hukumomin da ke kula da makarantun: NUC ta jami'o'i, NBTE ta makarantun kimiyya da fasaha, da NCCE ta kwalejojin ilimi. A al'ada ɗalibin foliteknik yakan fita na wata huɗu bayan shekararsa ta farko ta ƙaramar difloma, ɗalibin jami'a kuma na wata shida. Akwai kuma shekara guda da mai ƙaramar difloma ke yi a waje kafin ya koma babbar difloma, kuma mutane sukan haɗa ta da wannan a baki, alhali tsarinsu daban ne.

Dalilin da ya sa na kawo maka wannan tarihi shi ne, an gina SIWES ne tun asali a kan fannonin injiniya da kimiyya da noma da fasaha, don haka idan sashen kasuwanci ya turo ɗalibai, yana iya yiwuwa a ƙarƙashin shirin suke, yana kuma iya yiwuwa darasi ne da sashen ya tsara wa kansa. Tun daga Disamba 2022, lokacin da NUC ta fitar da sabuwar manhajar da ta ɗauki kashi 70 cikin 100 na darussa ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara daidai da yankinta, bambanci tsakanin jami'a da jami'a ya ƙaru. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa wanda ya sa hannu a takardar ita ce wanne ne daga cikin biyun, domin amsar ce za ta nuna maka ko akwai takardun ITF da za ka cike, ko kuma ɗalibin yana da wani alawus da yake jira daga gwamnati.

Ka kuma fahimci nauyin makin. A lissafin jami'a, awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon zangon mako 15, ko awa uku na aikin hannu, ita ce ma'auni ɗaya na darasi. Ɗalibin da ya yi wata shida a wurinka zango guda cur ya bari na zaman aji, kuma sakamakon da zai samu zai haɗu da na sauran darussa wajen tantance darajar digirinsa. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ga ta jiha a Aliero tun 2006, ga Foliteknik ta Waziri Umaru, ga kuma 'ya'yanmu da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Tarayya a Gusau masu son dawowa kusa da gida. Manyan wurare irin su kamfanonin shinkafa na WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi da rassan bankuna ba za su iya ɗaukar kowa ba. Wuri irin naka kuwa yana da wata falala da babban kamfani ba shi da ita, domin a tsakar gida ɗaya yaro zai ga shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta sauka daga mota, ya ga an auna ta, an casa, an ɗinke buhu, an sayar, an ba da bashi, an kuma bi bashin.

Maganar ma'aikatan kyauta

Mu a gargajiyar kasuwancinmu mun san yaron shago: yakan zo da ƙuruciya, ya share, ya ɗauki kaya, a aike shi, ya koyi ciniki da ido da kunne cikin shekaru, daga ƙarshe maigida ya sallame shi da jari. Wannan tsari yana da adalcinsa, domin tsawon lokaci da sallamar ƙarshe su ne ladan wahalar. Ɗalibin jami'a ba shi da shekarun, ba shi da sallamar, abin da ya zo nema kawai shi ne ya koya cikin watanni ƙididdigaggu. Idan ka mayar da shi ɗan aike, ka karɓi wahalarsa ba ka ba shi komai ba. A wajen lissafi ma maganar abokanka ba ta tsaya ba, domin a makonni huɗu zuwa shida na farko ɗalibi cin lokacinka yake yi, sai bayan nan ne amfaninsa zai fara fitowa, idan an koya masa.

Karo na farko da aka turo mana ɗalibai, huɗu na karɓa don kunyar wanda ya kawo su. Lokacin kaka ne, motoci na layi, ni kuma kaina ya ɗau zafi. Na nuna musu benci a gindin dogon yaro na ce su riƙa lura. A nan suka yini makonni, sai dai a aiki ɗaya ya sayo kati, ɗaya ya kai takarda banki. Ana gobe malaminsu zai zo duba su, na shiga ofis bayan la'asar na tarar da su sun haɗa kai a kan teburi ɗaya, suna cike littafin aikinsu na kullum, wanda suke kira logbuk, shafi bayan shafi da biro iri ɗaya, suna ƙirƙiro ayyukan da ba su yi ba. Ɗaya ya miƙo mini nasa ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mana hannu." Na sa, domin na san laifin nawa ne, amma har yau idan na tuna nakan ji kunya. Tun daga nan na kafa wa kaina doka cewa ba na karɓar ɗalibi sai na san sunan ma'aikacin da zai riƙe shi da kuma aikin da zai gama kafin ya tafi. Kai da kake da ma'aikata 11, ka duba da kyau ko akwai mutum biyu a cikinsu masu haƙuri da iya bayani. Idan ɗaya ne, ɗalibi ɗaya za ka karɓa, in ya yi yawa biyu. Idan kuwa babu ko ɗaya, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka rubuta wa sashen uzuri cikin girmamawa tun da wuri domin yaran su nemi wani wuri.

Aikin da ya dace da su

Kada rashin zamansu injiniyoyi ya dame ka, domin rabin matsalolin injin shinkafa ba a cikin injin suke ba, a cikin littafi suke. Yadda nake yi shi ne, watan farko ɗalibi ya zagaya: mako guda a bakin sikeli inda ake karɓar shanshera, mako guda a sito tare da mai riƙe da makulli, mako guda a teburin sayarwa yana rubuta rasit da takardar fitar da kaya, mako guda kuma tare da akanta. Bayan nan sai a ba shi aiki guda mai farko da ƙarshe, wanda amsarsa za ta amfane ka, shi kuma ya samu abin rubutawa a rahotonsa.

Misali, kilo 100 na shanshera yakan ba da tsakanin kilo 60 zuwa 70 na gyararriyar shinkafa, sauran ya tafi a ɓuntu da dusa, kuma danshin da ake so kafin a casa yana wajen kashi 14 cikin 100. Masu inji da yawa sun san wannan a ka, amma ba su da rubutaccen lissafin da zai nuna musu kayan wane dillali ne ke yawan zuwa da danshi ko tsakuwa, ko shinkafar wane yanki ce ta fi karyewa. Ɗalibin da ya yi wata uku yana rubuta nauyin shiga da nauyin fita na kowace mota zai ajiye maka abin da za ka riƙa yin ciniki da shi. Haka nan daidaita abin da littafi ya ce yana sito da abin da ke ciki idan an ƙirga buhu, ko lissafin kuɗin gas da wuta da gyara a kan kowane buhu da aka casa.

Aikin da ya fi ba ni mamaki wata ɗaliba ce ta yi shi. Muna da littafin bashi na manoma da 'yan sari masu karɓar taki sai an girbe, babban littafi mai baƙar bango wanda gefunansa suka lanƙwashe don tsufa. Na ba ta shi na ce ta kwashe shi cikin kwamfuta, ta kasa basussukan uku: wanda bai kai kwana 30 ba, wanda ke tsakanin 30 da 90, da wanda ya haura 90. Ta yi mako biyu a kai shiru, sannan ta zo ta ce, "Baba, ina ganin mutumin nan da wannan mutum ɗaya ne." Ashe wani mai karɓar kaya yana da shafi biyu, ɗaya da sunansa na yanka, ɗaya da laƙabin da ake kiransa a kasuwa, kuma duk wanda ya buɗe shafi guda sai ya ga bashin bai kai a tsayar masa da kaya ba. Lambar wayar da aka rubuta a gefen shafukan ce ta tona. Babu wanda ya yi niyyar cuta, ma'aikata biyu ne suka buɗe shafukan a shekaru daban-daban, mu kuma sabo ya rufe mana ido. Ban ce kowane ɗalibi zai yi irin wannan ba, na ga waɗanda ko manhajar lissafi ta Excel ba su iya buɗewa ba duk da suna aji uku, amma ba za ka san wanda ka samu ba sai ka damƙa masa aiki na gaske.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar ɗalibi shi kaɗai da aljihun kuɗi, ko na'urar POS, ko lambar sirri ta asusun banki. Wannan kariya ce gare shi kafin ta zama kariya gare ka, domin idan kuɗi suka ɓace, baƙo ake fara kallo.

Biya

Albashi irin na ma'aikaci bai hau kanka ba, tunda karatu ya kawo shi. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta ma shafi wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Idan a ƙarƙashin SIWES yake, akwai alawus da ake biya ta hannun ITF, wanda ya shafe shekaru a kan naira 2,500 a wata, kuma yawanci sai bayan an gama ake ganinsa. Kai ma ka san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan kuɗi ba zai biya kabu-kabu na mako guda ba. Don haka abin da nake gani ya dace shi ne ka ɗauke masa kuɗin zuwa da komawa da abincin rana, ka yanka adadi tun ranar farko, ka riƙa biya a kan lokaci kamar yadda kake biyan kowa. Rashin yin haka yana da sakamakon da ba a cika lura da shi ba: ɗan mai hali ne kaɗai zai iya zuwa kullum, ɗan talaka kuma ya riƙa fashi, a ƙarshe a rubuta masa rashin himma. Idan kuma aikin da ya yi ya ceto maka kuɗi, kyautar sallama ba ta ɓaci.

A nan iyakata ta zo, domin ni akanta ne ba lauya ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke gudanarwa, ta ambaci masu koyon sana'a a cikin waɗanda take kira ma'aikata, kuma wurinka wuri ne na bel ɗin inji da ƙura da tarin buhuna masu iya zamewa. Ka sa lauyanka ya duba, ka kuma nemi jami'ar ta rubuta maka wanda zai ɗauki nauyin magani idan tsautsayi ya faɗa, tunda ɗalibai da yawa suna da inshorar lafiya ta makaranta. Kada ka tura ɗalibi bin bashi ko sayen kaya a hanyoyin da kai ma sai ka yi tambaya kafin ka bi su, halin tsaron wasu sassan Kebbi ta Kudu da iyakar Zamfara ba ɓoyayye ba ne. Idan mace ce, ka tanadi wurin alwala da salla da makewayi na mutunci, ta tashi tun da sauran rana kafin magariba, ka kuma ja kunnen samarin wurin tun kafin ta zo, ba sai an kawo ƙara ba.

Sirri

Tsoronka yana da tushe, sai dai ƙofar da sirri ya fi fita ta cikinta ita ce rahoton ƙarshe. Ɗalibi zai rubuta shi, ya kare shi a gaban malamai, a ajiye kwafi a sashe inda na bayansa za su ɗauka su karanta. Na taɓa ganin rahoton da aka manna hoton takardar farashin kamfani da sunayen masu kawo masa kaya a ƙarshensa, yaron kuma da zuciya ɗaya ya yi, yana son ya nuna ya yi aiki. Maganinsa sauƙi ne: ka shardanta cewa sai ka karanta rahoton kafin a miƙa, a cire sunayen mutane, a mayar da kuɗi zuwa kaso. Malami yana son ya ga yadda aka yi lissafin ne, ba ya bukatar ribarka. Sunaye da lambobin wayar masu hulɗa da kai kuwa amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora maka, saboda haka a hana ɗaukar hoton littattafai da waya, a kuma yi aikin a kwamfutar ofis. Takarda mai shafi ɗaya da ɗalibi da malaminsa za su sa wa hannu ta wadatar. Abin da kake ganin shi ne jigon cinikinka, kamar farashin da kake yi da babban mai sayen kayanka, ka ajiye shi a wurinka, babu wanda ya ce sai ka buɗe komai.

Sa hannu da bayar da maki

Wanda ka wakilta zai riƙa duba littafin aiki yana sa hannu duk mako, malami zai zo daga jami'a aƙalla sau ɗaya, a ƙarshe kuma za a ba ku takardar auna ɗalibi a kan zuwa aiki da ɗabi'a da ƙwazo. Ka ware rabin awa duk Alhamis, ɗalibi ya faɗa da bakinsa abin da ya yi da abin da bai gane ba, sannan a sa hannu. Wannan zama shi ne ainihin darasin, kuma shi ne zai hana a cike littafi a dare ɗaya.

Ka shirya wa wani abu da zai zo maka ko ba daɗe: aboki ko ɗan'uwa zai kawo ɗansa ya ce a buga masa hatimi kawai, yaron yana da wata hidima a Abuja. Sa hannu a nan shaida ce, kuma ka san matsayin shaidar zur. Ban da wannan, malaman sashen suna gane wuraren da ke sayar da hatimi, kuma daga ranar da suka gane sai su daina turo maka yaran kirki. Haka nan kada tausayi ya sa ka cika wa kowa maki. Wanda ya yi fashi a gaya masa tun a wata na biyu, a sanar da malaminsa, domin ya samu damar gyarawa kafin takardar ƙarshe.

Saura lokaci. Jadawalin jami'o'i ya sha hargitsewa, musamman bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, don haka kada ka ɗauka za su zo a watan da aka saba. Ka nemi ranar farawa da ta gamawa a rubuce, ka gwada su da kakarka. Mafi kyau shi ne ɗalibi ya iso kamar wata guda kafin shanshera ta fara sauka, ko ta damina wajen Oktoba da Nuwamba, ko ta rani wajen Afrilu da Mayu, ya koyi sikeli da sito kuna da sarari, yadda idan motoci suka yi layi zai zama hannu ne a cikin aikin. A amsar da za ka mayar wa sashen, ka faɗi adadin da za ka iya ɗauka, da sunan wanda zai riƙe su, da aikin da ka tanada, sannan ka nemi lambar wayar malamin da zai zo duba su, ka kuma roƙi a turo maka yaran ku gana tukuna kafin ka sa hannu a takardar karɓa.